Molon da Na Zaɓa da Haƙori

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa muku game da barina aikin injin niƙa. Wasu sun ce faɗa muka yi da mai injin, wasu sun ce ƙiwa ce ta kama ni ina tsakiyar ƙarfina. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Tunda Allah Ya sa yanzu hannuna yana iya riƙe alƙalami, gara in rubuta muku yadda abin ya faru, ku karanta a tsanake. Abin ya faro ne daga molon kakanku, Baba Nomau.

Manyanku sun riski Baba yana kiɗa, ƙanananku kuwa labari kawai suka ji. Tun muna ƙauye wajen Tozai, kafin mu dawo Isa, shi ke yi wa manoma kiɗa ranar gayya, shi ake kira suna da biki. Molonsa ya girme ni. Ice ne da aka fafe kamar ɗan ƙaramin kwalekwale, aka rufe da fata, da sanda doguwa, da tsirkiya uku: biyu dogaye, ɗaya gajera siririya. A bakin sandar akwai wani ɗan ƙarfe mai zobba da ke kaɗawa in ana kiɗa. A daminar da nake ba ku labari, an yi kwana uku ana ruwa, a rana ta huɗu da azahar Baba yana masallaci bangon ɗakinsa ya zube. Da ya dawo bai tambayi tufafinsa ba, bai tambayi buhun geronsa ba. Da hannu ya riƙa tonon laka har ya kai ga molon. Icen ya rabe biyu. Ƙarfen nan mai zobba kaɗai ya tsira. Daga ranar Baba ya rage ci. Sai ka gan shi zaune a zaure, yatsunsa na motsi a kan gwiwarsa, idonsa na kallon ƙofa.

Yana da rago guda da yake kiwo da hannunsa, har sunan wasa ya sa masa. Wata ranar kasuwa ya sa aka ja shi aka sayar. Da safe ya kira ni, ya ajiye kuɗin gabana ƙulle cikin hankici. Ƙafafunsa sun riga sun ƙi, ba zai iya zaman mashin a hanyar daji ba, kuma ya ji cewa a kasuwar Bafarawa ake samun molo. Na ce masa ya bari in nemo wani abu in ƙara a kai. Ya ɗaga mini hannu.

"Ko sisi kada ka ƙara, Ummaru. Wanda ya sa kuɗinsa cikin molona ya samu baki cikin waƙata. Kuɗin ragon ga, su ne. In sun ƙare ba ni da wani rago."

Na ce to, amma ni ban san molo ba, injin na sani.

"Ba wuya," in ji shi. "Kada ado ya ruɗe ka. Masu sayarwa shanya shi suke a rana, fata ta ɗame, ko mushe ya yi murya. Ka sa a kai shi inuwa ya huce. Ka sa a cire ƙarfen baki, don ƙararsa na rufe aibi. Sannan a taɓa maka ƙaramar tsirkiya ita kaɗai. Ka saurara. In ta daɗe tana kuka bayan an sake ta, ka biya ka taho. In ta yi shiru nan take, ko kyauta aka ba ka bar musu abinsu."

A daidai lokacin innarku Kulu ta shigo da kwanon fura, ta durƙusa ta ajiye. Ta ji ƙarshen maganar. Maimakon ta tashi ta fita yadda ta saba, sai ta tsaya a durƙushe, kanta ƙasa.

"Baba," ta ce, "Malam za a aika?"

"Shi za ni aika. Ko akwai magana?"

Ta ɗan ɗago ta dube ni, ta sake sunkuyarwa.

"Babu, Baba. Allah Shi kai shi lafiya."

Na ji haushinta a ranar. Na ɗauka nufinta ba ni da wayon ciniki. Ban ko yi mata sallama sosai ba na fita.

Shekara ashirin da wani abu ke nan a lokacin ina tsaye kan injin niƙa, daga hantsi har magariba, ban da Juma'a da rana. Ban taɓa ganin wani abu ya same ni ba. Akwai wata ƙara da nake ji a kunne kullum, kamar kukan gyare, amma na ɗauka kowa ma haka yake ji. Maza ina jin maganarsu, musamman Baba mai murya kamar ganga. Mata da yara ne na ga sun lalace da magana ciki-ciki. Ke Saratu, sau nawa na daka miki tsawa na ce ki buɗe baki in kina yi wa ubanki magana? Ki riƙe wannan a ranki, za ki ga inda za shi.

Na isa Bafarawa da hantsi, wandona duk laka. A gefen masu sassaƙa na sami wani dillali, Hashimu, ya baje tabarma cikin rana ya jera molo uku. Na tsakiyar ya ɗauke mini ido tun daga nesa: an yi masa ƙawanya da jar fata, ga tuntaye na lilo, har da ɗan madubi. Hashimu ya dube ni, ya dubi aljihuna inda hankicin ya yi tudu.

"Alhaji, barka da zuwa! Wanga na tsakiya kai yake jira tun safe."

Ya faɗi kuɗi, na faɗi nawa, muka ja, ya sauko har daidai abin da ke cikin hankici kamar ya leƙa. Sai na tuna maganar Baba. Na ce a kai su inuwa, a cire ƙarafan baki. Ya ɓata rai, amma ya yi. Muka zauna gindin wata bedi har fatar ta huce. Na ce ya taɓa mini ƙaramar tsirkiya. Ya sa farce ya ja ya saki. Na ga tsirkiyar tana rawa da idona, na ji ɗan "tak" na farce, shi ke nan.

"Wannan matacciya ce," na ce. "Ɗauko wancan."

Ya ɗauko na biyu ya taɓa. Shiru. Na uku ma shiru. Na ji daɗi a raina, na ce lallai Baba ya san mutanen kasuwa. Na miƙe ina kakkaɓe riga, na ce masa da ƙarfi, don mutane su ji, bai ji kunya ba ya kawo gawa uku kasuwa. Sai na ga waɗanda suka taru suna kallon juna. Wani ya rufe baki da hannu. Hashimu ya miƙe tsaye, jijiyar wuyansa ta fito.

"Malam, in ba ka da kuɗi ka ce ba ka da kuɗi. Tsirkiyar da ta cika inuwar ga da kuka ita ce matacciya? Kai kurma ne?"

Na buɗe baki za ni rama, sai wani ya ja ni ta hannun riga. Wani tsoho ne mai sayar da akushi da muciya da ƙotar fartanya a kusa, suna ce masa Maidabo. Ya ja ni zuwa rumfarsa ya zaunar da ni kan turmi. Daga ƙarƙashin buhu ya jawo wani molo, baƙi, marar ado ko kaɗan, sandarsa ma da ɗan karkata.

"Kai mai garin dawa a gira," ya ce, "dubi mai furar can. Kada ka waiwayo sai ka ji na taɓa."

Ya koma bayana. Na zuba wa mai furar ido. Tana can nesa, ta kai taki talatin, tana dama wa wani. Ina jira, ina jira. Sai na ga ta ɗago kai ta dubo wajenmu. Wanda take dama wa shi ma ya juyo. Wata akuya da ke ɗaure ta miƙe kunne. Ni ina zaune, ina jira a fara.

Maidabo ya zagayo gabana, ya durƙusa har fuskarsa ta zo daidai tawa.

"Sau bakwai na taɓa, ɗana. A bayan kunnenka."

Ban san yadda za ni kwatanta muku abin da na ji ba. Jikina ya yi sanyi tun daga wuya har tafin ƙafa. Na dubi kasuwa, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Ga maƙeri can yana buga ƙaramar guduma, ina ganin hannunsa na sauka, ba na jin ƙarfen. Ga tsuntsaye cike da bedi, bakunansu na buɗewa. Yaushe rabon da in ji kukan tsuntsu? Na nema a raina ban samu ba. Na tuna yadda Kulu ke zagayowa gabana kafin ta yi magana, da yadda take taɓa kafaɗata in wayata na ƙara a aljihu. Na tuna fuskar Saratu in na yi mata tsawa, yadda take buɗe baki ta sake faɗa da ƙarfi, idonta cike da hawaye. Ashe yarinyar nan ba ta taɓa yin ƙunƙuni ba. Na ce innalillahi, na sake cewa, ban san sau nawa ba. Maidabo ya miƙo mini ruwa a moɗa, na karɓa na sha.

Da hankalina ya ɗan dawo, sai na ji nauyin hankicin a aljihuna. Abu ɗaya tak Baba ya ce in saurara, kuma shi ne abin da ba ni da kunnen ji. In na koma da kuɗin, na mayar da tsoho zaure ya ci gaba da kiɗa a kan gwiwa, kasuwa kuma sai wani mako, hanya kuwa kullum ƙara lalacewa take da ruwa. In na saya da ka, na jefa ragonsa a rijiya. Na ce wa Maidabo shi ya zaɓa mini, don Allah.

"A'a," ya ce. "Ni ma mai sayarwa ne. Wanga ni na fafe shi, in ka tambaye ni cewa za ni yi ya fi na kowa. Hashimu ma haka zai ce. Duk wanda ka gani nan ko abokina ne ko nasa. Kada ka yarda da bakin kowa."

Na zauna ina juya molon nasa a hannu don in sami abin yi. Babban yatsana ya gogi doguwar tsirkiya, sai na ji icen ya yi motsi a tafina. Wannan motsin na san shi. A wurin niƙa ba mai jin komai saboda ƙara, don haka in muna zargin boris, zoben ƙarfen da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ya fara ci, sai mu ɗora bakin sifana a jikin injin, mu danna ɗaya bakin a muƙamuƙi ko mu ciza. Lafiyayyen boris sumul yake tafiya a ƙashin kai. Mai ciwo kuwa ƙaiƙayi yake, kamar yashi ya shiga. Shekara ashirin ina wannan, ban taɓa kuskure ba. Na goge bakin sandar molon da rigata, na sa a haƙori na ciza.

"Baba Maidabo, taɓa ƙaramar."

Ya taɓa. Sai ga ta. Ba a kunne ba, a haƙori, ta hau muƙamuƙi ta shige tsakiyar kai, siririya, sumul. Na riƙa jin ta tana raguwa a hankali, a hankali, har na ja numfashi biyu kafin ta ɓace. Hawaye suka zubo mini, sanda a baki, mutane na kallo. Ban damu ba.

Amma ɗaya kawai na ji, ba ni da abin gwadawa. Na tashi na koma wurin Hashimu, na ba shi haƙuri kan abin da na faɗa, na ce ya bar ni in sake gwadawa.

"To ga sabon salo," ya ce wa mutane. "Yau mun ga mai ɗanɗana molo. In ka cinye sai ka biya!"

Aka yi dariya. Na ciji na farko, ya taɓa. Ta zo, amma ta mutu nan take kamar an ɗora mata hannu. Na biyu ya ɗan fi, ba sosai ba. Sai na ɗauki mai jar fata, wanda saura kaɗan in biya. Da ya taɓa, muryar ta zo da ƙarfi, har ta fi ta Maidabo ƙarfi, amma a ƙarƙashinta akwai yashi. Na ce ya sake. Yana taɓawa ina bin jikin icen da yatsa, yadda nake bin jikin injin, har na kai wurin da ƙaiƙayin ya fi, a gefe, ƙarƙashin jar fatar. Na sa farce na ɗaga ta. Tsaga ce, tsawon ɗan yatsa, an cike ta da ƙaro da garin ice an shafa baƙi.

Dariyar ta tsaya. Hashimu ya karɓa ya duba, ya kai kusa da ido, ya kai nesa. Fuskarsa ta canza.

"Wallahi haka aka kawo mini shi," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Na yarda da shi har yau, don na ga ya ture molon gefe bai sake tallata shi ba. Shi ma da kunnensa lafiya bai ji ba.

Na koma wurin Maidabo. Kuɗin da ya faɗa ya ɗara na ragon. Na kwance hankicin na shimfiɗa gabansa, na faɗa masa abin da Baba ya ce game da ƙari. Ya ce ice ne na alilliba da ya shekara biyu yana bushewa a inuwa, ba zai karya farashinsa ba. Na tambaye shi me da me ke cikin kuɗin. Ya ce da ƙarfen baki, da jakar fata da zai saka shi. Na ce ya riƙe jakarsa, ya riƙe ƙarfensa, muna da namu da ya tsira daga bango. Ice da fata da tsirkiya kawai nake saye. Ya yi ɗan tunani, ya kwance ƙarfen, ya tattara kuɗin. Na tuɓe babbar rigata na naɗe molon a ciki.

A kan mashin, muna ratsa gonakin gero, na rungume shi a ƙirji, a nan na yanke shawarar ba za ni koma injin ba. Abin da ya rage mini na ji, muryar maza da kiran salla da tsawa, ban yarda in zuba shi cikin niƙa ba. Daga baya a asibiti aka tabbatar mini abin da ya tafi ba ya dawowa. Kun san abin da barin ya jawo. Kun ci tuwo ba nama wata da watanni, sallar shekarar ba wanda aka yi wa ɗinki, na koma gona ina da shekara arba'in da ɗoriya kamar sabon shiga. Ba ku yi laifin komai ba kuka sha wannan, shi ya sa nake ganin hakkinku ne ku san dalili.

Na iso gida da la'asar. Kafin in shiga zaure na leƙa wurin innarku, tana tankaɗe. Na tsaya gabanta na tambaye ta tun yaushe. Ba ta ce tun yaushe me ba. Ta ajiye rariya.

"Tun kafin a yaye Saratu, Malam. Sau biyu na fara faɗa maka ka ce iskar hunturu ce. Yau da safe kuwa, a gaban Baba za ni buɗe baki in ce ɗansa ba ya ji? Da wane ido za ni sake kallonsa? Tun da ka fita ban sa komai a bakina ba."

Na shiga zaure. Baba ya karɓi ƙunshin ya warware rigar. Ya dubi baƙin icen, ya dubi karkatacciyar sandar, ya juya shi gaba da baya. Sai ya ga sawun haƙori a bakin sanda.

"Wane kare ya ciji wanga?"

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Yana saurare, bakinsa ya buɗe a hankali. Ashe shi ma bai sani ba. Duk gidan an sani, har maƙwabta, sai ni da shi.

"Ummaru," ya ce, "kana nufin da nake kiɗa ranar sunan ɗanka Bello, kana zaune nan gabana kana gyaɗa kai..."

"Rabi nake ji, Baba. Na ɗauka shi ke nan kiɗan."

Sannan ya ɗora molon a cinya ya taɓa ƙaramar tsirkiya. Ban ji komai ba, fuskarsa nake karantawa, ita kuwa ba ta nuna mini komai ba. Ya sake taɓawa, ya rufe ido, ya karkata kai. Na ga Kulu ta zo ta raɓe a bakin ƙofa, gari a hannunta.

Sai na ga ya kai hannu kan ɗaurin fatar da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin sanda, ya fara turo su ƙasa. Sassautawa yake. Na ce a raina molon bai yi ba, gyara yake nema. Ya tura kaɗan ya taɓa, ya dube ni. Ya ƙara turawa ya taɓa, ya dube ni. A karo na huɗu wani abu siriri ya shigo kunnena na dama, daga nesa, kamar ana kirana daga wata gona. Ban san na miƙe zaune ba.

"Nan ne?" in ji Baba.

"Nan ne, Baba."

Ya sassauta sauran biyun suka bi ta. Ya ja su tare sau ɗaya, zauren ya ɗauka, ya bar su suna kuka har suka gama don kansu.

"Molon banza in ka sauke shi nan, ya zama igiyar shanya," ya ce. "Wanga bai mutu ba. Ragona bai tafi banza ba."

Na ce masa ai waƙoƙinsa duk a sama suke, muryarsa ba ta saba da nan ba, mutane za su ce tsufa ya kama shi.

"Su ce. Matso kusa, ta wajen kunnen da ke ji. Kulu, shigo ki zauna, yau ba kunya. Kira mini Saratu ita ma."

Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya nemo ta can ƙasa inda bai taɓa waƙa ba. Ta fashe masa a baitin farko. Ya tsaya, ya yi dariya, ya sake ɗaukowa daga farko.